Shasi Mai Lamba 19: Labarin Motar Tseren Auto Union da Ta Ɓace a Rasha

A watan Fabrairun 2007 kamfanin gwanjo na Christie's ya shirya sayar da wata tsohuwar motar tsere a birnin Faris, lokacin baje kolin tsofaffin motoci na Rétromobile. Motar ƙirar Auto Union ce, samfurin da ake kira Type D, ta shekarar 1939. Kujera ɗaya tal gare ta, tayoyinta huɗu suna waje babu abin da ya rufe su, injin yana bayan direba, bodinta kuma na alminiyom ne mai launin azurfa. Kafin ranar gwanjon har birnin New York aka kai ta don masu hannu da shuni su gani da idonsu. Ana ta hasashen za ta haura dala miliyan 12, ta karya tarihin da wata Bugatti Royale ta kafa tun 1987, lokacin da aka sayar da ita fam miliyan 5.5 a Landan.

Abin da ya ɗaga darajarta haka shi ne lambar da aka jingina mata. An ce ita ce mai shasi lamba 21, wato motar da Hermann Paul Müller ya lashe babbar gasar Faransa da ita a Reims, a watan Yulin 1939. Saura 'yan kwanaki a buga ƙararrawa sai Christie's ya janye motar, ya ce akwai abin da yake son ya ƙara bincikawa game da tarihinta. Binciken da ya yi tare da Audi Tradition, sashen tarihi na kamfanin Audi, magajin Auto Union, ya nuna cewa shasin lamba 19 ne. Ita ma 19 ta shiga wannan gasa ta Reims, Hans Stuck ne ya tuƙa ta, amma ta shida ta zo. Daga baya aka nemi masu sha'awa su miƙa tayinsu a rufe, ciniki bai faɗa ba.

Ko noti ɗaya ba a kwance daga jikin motar ba tsakanin Janairu da Maris na wannan shekara. Injin nan dai shi ne, ƙarfinsa bai ragu ba. Amma miliyoyin daloli sun zube. Wannan lamari yana nuna abin da ake saye a kasuwar tsofaffin motocin tsere, da kuma wanda kasuwar ke saurara idan gardamar asali ta tashi.

Daga ina ta fito

An kafa Auto Union a 1932 a jihar Saxony ta Jamus, bayan da kamfanoni huɗu da talauci ya matsa wa suka haɗe: Audi, DKW, Horch da Wanderer. Zobba huɗun nan da ake gani a goshin motocin Audi yau su ne alamar wannan haɗaka. Da Hitler ya hau mulki a 1933 ya yi alƙawarin tallafin gwamnati ga tseren motoci, domin ya ga hanya ce ta nuna wa duniya ƙarfin masana'antun Jamus. Da farko Mercedes-Benz kaɗai za a ba, sai injiniya Ferdinand Porsche da direba Hans Stuck da shugabannin Auto Union suka shiga suka fita har aka raba kuɗin gida biyu. Saboda haka tun daga tushe motocin nan suna da hannun siyasa a jikinsu, kuma wasu daga cikinsu da alamar 'yan Nazi a bodi suka yi tsere.

Ƙirar Porsche ta saɓa wa al'adar zamanin. Kowa yana sa inji a gaba, shi ya mai da shi bayan direba, tsarin da sai ƙarshen shekarun 1950 sauran duniya ta dawo kansa, kuma har yau a kansa motocin Formula 1 suke. Dokar tsere daga 1934 zuwa 1937 nauyi kawai ta ƙayyade, kada mota ta wuce kilo 750, ba ta ce komai kan girman inji ba. Auto Union ya cusa inji mai silinda 16 a cikin wannan ɗan nauyi. Zuwa 1936 samfurin Type C yana da inji lita 6 mai ƙarfin doki 520, a kan siraran tayoyi, da birkin ganga, babu bel, direba kuma ba shi da komai a ka sai hular yadi da tabarau. Mota ce mai wuyar sha'ani, bayanta kan kufce ba sallama. Wanda ya fi kowa iya ta shi ne Bernd Rosemeyer, tsohon ɗan tseren babur, wanda ya zama zakaran Turai a 1936. Motocin sun taka ƙasar Afirka ma: Achille Varzi ya ci gasar Tarabulus ta Libiya a 1936, Ernst von Delius kuma ya ci wata a Cape Town a farkon 1937. Rosemeyer ya rasu ranar 28 ga Janairun 1938 a kan babbar hanyar Frankfurt zuwa Darmstadt, yana ƙoƙarin karya gudun kilomita 432 a awa da Rudolf Caracciola na Mercedes ya kafa da safiyar ranar.

A 1938 doka ta canja, aka ƙayyade inji mai kwamfuresa, wato na'urar da ke tura iska da ƙarfi cikin inji, kada ya wuce lita 3. Porsche ya riga ya koma kan aikin Volkswagen, sai Robert Eberan von Eberhorst ya jagoranci ƙirar Type D a masana'antar Horch da ke Zwickau. Silinda 12 ce. Ta 1938 kwamfuresa mai hawa ɗaya gare ta, ƙarfin doki 420. Ta 1939 aka yi mata mai hawa biyu, ƙarfin ya kai 485, gudunta kuma yana kaiwa wajen kilomita 330 a awa. Tazio Nuvolari ɗan Italiya ya ci gasar Monza da ta Donington da ita a 1938. Babbar gasarta ta ƙarshe ita ce ta Belgrade, ranar 3 ga Satumban 1939, ranar da Ingila da Faransa suka shelanta yaƙi a kan Jamus. Nuvolari ne ya ci.

Akwai wani abu da ya kamata a riƙe tun daga nan, domin shi ne tushen rikicin da ya biyo baya. Sashen tsere na kamfani ba ya kallon mota a matsayin abu guda mai suna. Bayan kowace gasa makanikai kan kwance ta, a cire inji a kai benci, a sa wani, a canja giyabos, a sauya bodi idan ya lotsa ko idan hanya ta gaba tana bukatar wani siffa. Abin da ke gabansu gasar Lahadi mai zuwa ce. Babu wanda ya zauna yana tunanin bayan shekara saba'in wani attajiri zai tambayi wane inji ne ke kan wane shasi ranar kaza.

Ganimar 1945

Lokacin yaƙi an ɓoye motocin a wani gini na ma'aikatar haƙar ma'adinai kusa da Zwickau. Sojojin Amurka ne suka fara shiga garin a watan Afrilun 1945, amma bisa rabon da manyan ƙasashe suka yi, Saxony ta faɗa yankin Tarayyar Sobiyet, kuma a farkon Yuli Amurkawa suka fice, sojojin Sobiyet suka shigo. Yarjejeniyar Potsdam, wadda ƙasashen da suka ci yaƙi suka ƙulla, ta ba Mosko damar ɗibar diyyar yaƙi daga yankinta. Aka kwance injinan masana'antu aka loda a jirgin ƙasa, motocin tseren ma aka haɗa da su.

Masu sha'awar motoci sukan ba da wannan labari kamar wata sata da aka yi wa bayin Allah. Ni ban ga haka ba. Auto Union ya yi wa sojojin Hitler aiki gadan-gadan, kuma binciken da Audi da kansa ya sa masana tarihi suka yi, wanda ya fito a 2014, ya tabbatar da cewa kamfanin ya yi amfani da dubban mutanen da aka tilasta wa aiki, ciki har da fursunonin sansanonin gwale-gwale. Tarayyar Sobiyet, ƙasar da ta rasa mutum sama da miliyan 20 a wannan yaƙi, ba za ta tsaya tausayin motar tsere ba.

A Mosko an kai motocin cibiyar binciken motoci ta NAMI, daga nan aka rarraba su ga masana'antu da makarantun injiniya don a kwance a koyi fasaharsu. Samun man da suke sha ma aiki ne, domin ba fetur zalla ba ne, haɗi ne na musamman mai yawan methanol. Da aka gama ɗaukar abin da za a ɗauka, yawancinsu suka ƙare a matsayin ƙarafan gwangwan. Wasu sassan suka shiga hannun masu ƙera motocin gwaji, wasu suka kwanta a lungunan ma'ajiya.

Shi kansa kamfanin bai tsira ba. An ƙwace kadarorinsa, aka soke sunansa daga rajistar kamfanoni ta Chemnitz a 1948. Manyan ma'aikatansa da suka tsere yamma suka kafa sabon Auto Union a Ingolstadt a 1949, wanda ya bi ta hannun Daimler-Benz, ya koma hannun Volkswagen, ya haɗe da kamfanin motoci na NSU a 1969, har ya zama Audi na yau. Masana'antun Zwickau kuwa su suka koma ƙera Trabant, 'yar ƙaramar motar talakan Jamus ta Gabas. Mercedes-Benz, da yake Stuttgart tana yankin Amurka, ya tsira da motocin tserensa da dama da takardunsu. Wannan bambanci na taswira kaɗai ya sa a yau motocin Mercedes na wancan zamani suna da tarihi a jere, na Auto Union kuwa akwai ramin shekara talatin zuwa arba'in a tsakiyar nasu.

Ɗaya ta tsira da ƙyar. A 1976 wata motar hawan tsauni mai silinda 16, haɗin Type C da D, tana ajiye a masana'antar ZIL ta Mosko an sa ta cikin jerin abin da za a yanka. Viktors Kulbergs, shugaban ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Latbiya, ya ji labari, ya yi ruwa ya yi tsaki har aka ba shi ita, ya kai ta Riga. A can ta zauna, ta zama abin alfaharin gidan tarihin motoci na birnin.

Mutumin da ya bi sawu

Cikin 'yan kallon tseren Belgrade na 1939 akwai wani yaro, Paul Karassik, ɗan wasu Rashawa da suka yi hijira zuwa Sabiya bayan juyin juya halin kwaminisanci. Ya girma ya koma Amurka, ya yi arziki, ya shiga tara tsofaffin motoci tare da matarsa Barbara, wadda asalinta Bajamushiya ce. A shekarun 1970 ya fara jin raɗe-raɗin cewa akwai ragowar Auto Union a Tarayyar Sobiyet. Yana jin Rashanci kamar ɗan gida, kuma wannan ne jarinsa na gaske, fiye da kuɗin. Ya shafe sama da shekara goma yana kai da komo, yana bin mutum zuwa mutum, har ya gano sassan motoci biyu da aka wargaza, wasu a Rasha wasu a Yukren.

Abin da ya samu ba mota ba ce da za a sa mata mai a tayar. Injina ne, da shasi, da giyabos, da ƙafafun gaba da na baya, a warwatse. Ya saye su kaɗan-kaɗan, kuma a wasu tafiye-tafiyen shi da kansa ya tuƙa motar ɗaukar kaya ya tsallako da su Yammacin Turai, daga nan aka ɗora su a jirgin sama zuwa Florida. A ƙarshen 1990 ya fara tuntuɓar masana, a watan Mayun 1991 kuma ya haɗu da sashen tarihi na Audi, waɗanda suka zama masu ba shi shawara kan gyaran.

Aikin ya faɗa hannun Crosthwaite & Gardiner, wani ƙaramin kamfanin injiniyoyi a ƙauyen Buxted da ke kudancin Ingila, waɗanda suka yi suna wajen ƙera sassan tsofaffin motocin tsere daga zane. Suka baje kayan, suka auna, suka tantance, aka yanke shawarar a fitar da motoci biyu: ɗaya a tsarin 1938 mai kwamfuresa hawa ɗaya, ɗaya a tsarin 1939 mai hawa biyu. A lura da kalmar: shawara aka yanke. Mutane ne a Ingila, shekara hamsin bayan tseren ƙarshe, suka zauna suka ce wannan inji zai hau wannan shasi, wannan giyabos zai bi wancan. Sun yi da ilimi da hujja gwargwadon abin da ke gabansu, amma zaɓi ne.

Bodi kuwa ko ƙyalle bai tsira ba. Kamfanin Rod Jolley ne ya ƙera sababbi fil, aikin hannu, ana bugun fallen alminiyom ana lanƙwasa shi a kan tsari har ya yi daidai da tsofaffin hotuna. Ke nan duk abin da idon ɗan kallo ke gani idan ya tsaya gaban motar, dogon hancin nan, da kumburin da ke bayan kan direba, da wutsiyar da ta tsuke, duk aikin shekarun 1990 ne. Tsohon ƙarfen yana ciki, inda sai an buɗe ake ganinsa: bututu biyu masu kauri da suka miƙe daga gaba zuwa baya, su ne shasin, da gangar injin, da akwatin giya. An gama ta farko a watan Agustan 1993, ta biyu bayan shekara guda. Ranar 1 ga Oktoban 1994 aka tayar da su biyun a filin tsere na Nürburgring da ke Jamus, karon farko tun 1939.

Karassik ya bar wa Audi ta 1938 ya riƙa nunawa, a watan Yulin 1998 kuma kamfanin ya saye ta. Ta 1939 ya riƙe, yana burin ya mai da ita Belgrade a 1999 ta zagaya inda ya gan ta yana yaro, shekara 60 cif. Yaƙin Kosovo da ruwan bama-baman NATO a kan birnin suka rushe wannan buri. A farkon 2000 ya sayar da ita ga wani mai tara motoci. Ita ce ta bayyana a hannun Christie's bayan shekara bakwai.

Me ake saye

Duk wanda ya taɓa sayen mota 'yar Kwatano ya san cewa kafin a yi maganar fenti ko sanyin esi, sai an duƙa an duba lambar shasi an gwada ta da ta takardar kwastan, domin idan suka saɓa, komai kyan motar ta zama abin tsoro. A kasuwar motocin tsere ma lambar ce ke magana, sai dai a nan ba halaccin shigowa take tabbatarwa ba, nasaba take tabbatarwa: wa ya zauna a wannan kujera, a wace rana, ya zo na nawa.

Shasi 19 ba jabu ba ne. Binciken 2007 bai ce ƙarfen sabo ne ba. Ya tabbatar da cewa na 1939 ne, daga Zwickau ya fito, Rudolf Hasse ya zo na biyar da shi a gasar Eifel a Nürburgring, Stuck ya zo na shida a Reims. A wani ɓangaren ma motar ta fita daga binciken da tarihi mai ƙarfi fiye da wanda ta shiga da shi, tunda yanzu abin da aka faɗa a kanta ya sha tankaɗe da rairaya. Amma kasuwa ba ta lissafa haka. Na farko, motar da ta ci babbar gasa da wadda ta zo ta shida ba farashinsu ɗaya ba. Na biyu, kuma wannan ya fi ciwo, da zarar an taɓa janye mota daga gwanjo saboda shakkar asali, shakkar ba ta barin ta ko an warware. Mai sayen abin dala miliyan goma yana tunanin ranar da shi ma zai sayar, kuma ya san duk wanda zai taya a lokacin zai tuna da Faris.

An ga haka a watan Agustan 2009, lokacin da kamfanin Bonhams ya fito da ita a Quail Lodge da ke California, wannan karon da lambarta ta gaskiya. Ana sa ran dala miliyan 8 ko sama. Tayi ya tsaya a miliyan 6, mai ita ya ce albarka. Gaskiya ne lokacin duniya tana cikin matsin tattalin arziki, amma watanni uku kacal kafin nan an sayar da wata Ferrari 250 Testa Rossa a Maranello kan sama da yuro miliyan 9. Kuɗin suna nan, inda za su ne suka zaɓa.

A gwada da Mercedes W196, mai kujera ɗaya ta shekarun 1954 da 1955. Wadda Juan Manuel Fangio ya ci gasar Jamus da ta Suwizalan da ita a 1954, Bonhams ya sayar da ita fam miliyan 19.6 a bikin motoci na Goodwood da ke Ingila a 2013. Wata kuma, wadda Fangio da Stirling Moss suka tuƙa, kamfanin da kansa ya ba gidan tarihin filin tsere na Indianapolis kyauta a 1965, ta zauna a can kusan shekara sittin, aka sayar da ita yuro miliyan 51 da 'yan kai a Stuttgart a watan Fabrairun 2025. W196 ba ta fi Type D ƙaranci ba, hasali ma waɗanda suka rage sun fi yawa. Abin da take da shi shi ne ana iya faɗin inda ta kwana kowace shekara tun daga ranar da aka ƙera ta.

Kotun Ingila ta taɓa zama kan irin wannan tambaya, kodayake motar ba mai kujera ɗaya ba ce. A 1990 wani mai suna Ed Hubbard ya yi cinikin Bentley da ake kira Old Number One da kamfanin Middlebridge kan fam miliyan 10, sai mai sayen ya ja da baya, ya ce ai wannan ba ita ce ta ci gasar Le Mans ta Faransa a 1929 da 1930 ba. Yana da abin kamawa: an sake gina motar a 1932 a kan wani shasi, ta yi mummunan haɗari a filin tsere na Brooklands a wannan shekara inda direbanta Clive Dunfee ya rasu, aka sake gina ta da wani bodi daban. Mai shari'a Otton ya yanke cewa duk da haka ita ce, domin tarihinta bai taɓa yankewa ba, kowane canji an yi shi ne a kan abin da ya gabace shi, kuma babu wata mota da za ta iya da'awar sunan. Wannan ma'auni na tarihi marar yankewa shi kasuwa ta runguma. Kuma shi ne ainihin abin da motocin Karassik ba za su taɓa samu ba, ko da kowane ƙarfe a jikinsu na asali ne. Bentley ta rasa ƙarafanta ta riƙe labarinta. Auto Union ta riƙe ƙarafa da yawa, labarin ne ya yanke a tashar jirgin ƙasa a 1945.

Inda rami yake, kuskure kan shiga ko babu mai niyyar cuta. Gidan tarihin Donington na Tom Wheatcroft ya daɗe yana nuna wata mota a matsayin Auto Union Type E, wai samfurin da yaƙi ya hana fitowa. Daga baya bincike ya nuna Sokol 650 ce, wadda aka ƙera a Chemnitz a farkon shekarun 1950 ƙarƙashin ikon Sobiyet, da hannun tsofaffin ma'aikatan Auto Union. Kamar da ta yi da 'yan uwanta ba ƙarya ba ce, hannu ɗaya ne ya yi su, amma sunan ba nata ba ne.

Mai shawara, mai shaida, mai saye

A 2012 Audi ya sanar da cewa ya sayi shasi 19. Bai faɗi nawa ya biya ba. Da wannan ciniki kamfanin ya ce yana riƙe da uku daga cikin motocin tseren Auto Union biyar da za su iya da'awar asali: biyun Karassik da ta Riga.

Yadda ta Riga ta zo hannunsa abin dubawa ne. Bayan Latbiya ta sami 'yancinta a 1991, gidan tarihin yana da mota mai daraja amma ba shi da kuɗin kula da ita. A tsakiyar shekarun 1990 aka daidaita: Audi ya ɗauki ta asali, ya biya kuɗi, ya kuma sa Crosthwaite & Gardiner suka ƙera wa Riga kwafinta sak. Wanda ya je Riga yau kwafin zai gani, kuma gidan tarihin ba ya ɓoye hakan. Wasu za su ce an yi wa ƙaramar ƙasa wayo. Ni ina ganin cinikin ya fi yawancin irinsa tsabta, tunda kowa ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa, kodayake da wuya mutum ya ƙi jin wani abu game da Kulbergs da abokansa, waɗanda ba don su ba da tuni motar ta narke.

Abin lura shi ne Audi bai je kotu ya ce kayansa ne aka sace a dawo masa da su ba. Da ma hujjar za ta yi rauni: an ɗebe motocin ne a matsayin diyya bisa yarjejeniyar waɗanda suka ci yaƙi, kamfanin da ya mallake su an shafe shi a 1948, na Ingolstadt kuma sabuwar rajista ce. Gādon suna da zobba huɗu daban, gādon kadara daban. Saboda haka duk wadda ya samu da kuɗinsa ya saya, kamar kowane mai tara motoci.

Sai dai shi ba kamar kowa ba ne, kuma a nan gizo ke saƙa. A kan wannan mota guda, Audi ne ya ba da shawara lokacin da ake haɗa ta a 1991, da shi aka yi binciken da ya sauke ta daga 21 zuwa 19 a 2007, shi ne kuma ya saye ta a 2012. Ba ina cewa an yi rashin gaskiya ba. Sakamakon binciken ya tsaya, masana ba su rushe shi ba, kuma da an bar gwanjon ya gudana a kan lambar kuskure da abin ya fi muni ga kowa. Amma tsarin kansa yana da nauyi a gefe guda. Mai mota irin wannan ba shi da wurin da zai kai ta a tantance wanda kasuwa za ta yarda da shi fiye da kamfanin da ya gaji sunan, kuma wannan kamfani shi ne ya fi kowa son mallakarta. Haka abin yake a Ferrari, inda sashen Classiche da aka buɗe a 2006 ke ba da takardar shaidar asali, kuma samunta ko rasa ta kan motsa farashi sosai.

Akwai kuma wani abin da ke rage wa mai zaman kansa ƙarfi. Tun daga shekarun 1990 Audi ya sa an ƙera masa sababbin kwafin Type C da Type D a Ingila, masu inji na gaske, masu ƙara irin ta da. Su ake yawan kaiwa bukukuwa irin na Goodwood a tuƙa da ƙarfi, domin idan sanda ta ɓalle a cikin injin kwafi, a ƙera wata. Idan ta fasa gangar injin 1939, an yi asarar da ba ta da mayi. Ga ɗan kallo da ke bakin shinge, kwafi da ta asali duk ɗaya ne, tunda ko ta asalin ma bodinta na zamani ne. Cikin biyar ɗin nan na asali, sauran biyun da ba sa hannun Audi, ɗaya Type C ce da kamfanin ya ba gidan tarihin Deutsches Museum na Munich tun kafin yaƙi, bam ya lalata ta, aka gyara ta a wajajen 1980. Ɗayar kuma Type D ce da ta tsira a ƙasar Cekoslobakiya, ta fito Yamma tun zamanin yaƙin cacar baka, tana hannun masu zaman kansu.